Uba da Ɗa a Takarda

Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, 2019, garin Toyama ya tashi da yayyafi mai sanyi. Kuramoto Shinji ya jingine lemarsa a ƙofar ofishin walwala na ƙaramar hukuma, ya zauna gaban jami'ar da ta aiko masa da takardar neman ciyarwa har sau uku.

"Gwaji ya nuna babu jini tsakanina da shi," in ji Shinji.

Jami'ar, wata matashiya mai suna Odagiri, ba ta ko dubi sakamakon ba. "Yallaɓai, doka ba jini take dubawa ba. Duk yaron da aka haifa kafin kwana ɗari uku da mutuwar aure, na tsohon miji ne. Miji kaɗai ke da ikon musantawa, cikin shekara guda, kuma an bar shekarar ta wuce. A rajistar iyali uba da ɗa ne ku. Mai hali shi ke ciyar da marar hali."

"Ko sau ɗaya ban taɓa ganinsa ba."

"Ga adireshin gidan da ake kula da shi," ta ce, ta turo masa da hannu biyu.

A gida matarsa Fumie ta zuba masa shinkafa da miyar waken suya. Ta bari sai da ya ajiye tsinken cin abinci.

"Baban Kaho," ta kira shi da sunan 'yarsu, "je ka gan shi mana. Ba ya iya yi wa kansa komai fa. Mutane za su ce ba ka da zuciya."

"Su ce."

"Marigayiya ma da tana raye..."

"Kar ki sa ta a ciki."

Ya dubi hoton da ke kan teburin turare. Matar da ke ciki ta ɗan karkatar da kai, kamar yadda ta saba, domin kunnenta na hagu ya daina ji tun kafin ta bar gidan aurenta na fari.

Ranar Lahadi ya tafi gidan kulawar. Ya cire takalmi, ya sa silifas ɗin baƙi, ya bi wata ma'aikaciya mai fara'a har ƙofar ɗaki. Daga nan ya tsaya. Wata tana durƙushe tana ba wanda ke kwance kunun shinkafa da ƙaramin cokali, rabi na shiga, rabi na zuba a kan ƙyallen wuya. Bakin babu haƙori ko ɗaya.

"Yanzu muka canza masa kunzugu," in ji ma'aikaciyar. "Rigimamme ne, sai kuka, ga duka in an taɓa shi. Babu mai zuwa wurinsa. Shiga mana, ka riƙe masa hannu."

Shinji ya dubi hannun. A dunƙule yake.

"Na gode da wahalarku," ya ce, ya sunkuya, ya juya.

Amsar da hukuma ke jira ta yi makonni a aljihun kwat ɗinsa. Fumie ta daina magana a kai, sai dai ta riƙa ajiye masa shayi da ɗan ƙarfi. Odagiri ta kira ta ce idan ya ƙi, maganar na iya kaiwa kotun iyali. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ya kunna turare a gaban hoton, ya fita zuwa jan akwatin wasiƙu na bakin titi. Layi biyu ya rubuta: "Ba jinina ba ne, ba zan ciyar da shi ba. Sunana kuwa ya zauna a inda yake." Ya saki ambulan, ya ji faɗuwarta a ciki.

Kalmomin ba nasa ba ne. Da su tsohon da ke kwance a ɗakin nan ya amsa wa marigayiya mahaifiyar Shinji shekara hamsin da uku da suka wuce, lokacin da ta roƙe shi ko ya ciyar da jaririn, ko ya sake shi ga ubansa na gaskiya.