Ruwan Ganyen Zaitun

"Kai ka kashe ta, Midhat!" Sitt Zakiyya ta faɗo ɗakin binciken ɗanta a garin Asyut, ɗalibansa suka yi cirko-cirko. "Tun ina amarya nake ciyar da ita. Ka ɗura mata ruwan ganyen zaitun ɗinka, ta kwana ba motsi!"

"Mama, kumfa na ga tana yi, na ɗauka funfuna ce."

"Ji sakarai, wai Dakta! Kumfar ai ita ce numfashinta!"

Ta dangwarar da kwano a tebur. Uwar kullunta ce, tsamin da ke tayar mata da gurasa, gadon kakarta.

Midhat ya leƙa, fuskarsa ta washe. "Ashe maganin funfunar da nake gwadawa yana aiki!"

"Aikin ubanka! Wa zai dawo mini da ita? Amsa min a gaban yaran nan!"