Hatimin da Sang-gil Ya Bayar Aro

Tun da tsohuwar mai gidansu ta kira shi a waya, hankalin Pyo Sang-gil bai sake kwanciya ba. Yana tuƙa bas a cikin birnin Daegu amma zuciyarsa na wani wuri, har ya wuce tasha fasinjoji na yi masa ihu.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, "mutanen haraji sun ce kada in kuskura in mayar maka da kuɗin jinginarka. Me ka yi musu?"

Kuɗin jinginar nan kuwa su ne duk abin da shi da matarsa Hwa-suk suka mallaka a duniya. Tun aurensu suke tarawa, suka damƙa wa tsohuwar, suna zaune a gidanta ba haya, sai ranar tashi ta mayar musu.

Shi dai ya san daga albashi ake yanke harajinsa tun kafin ya gan shi. Sai dai akwai abu ɗaya da yake ta gudun tunawa.

Shekara uku baya, Bang Tae-bok, babbansa a lokacin aikin soja, ya gayyace shi cin nama.

"Ƙanena, banki sun ɓata min suna. Ara min sunanka da hatiminka na sa hannu in yi rajistar gidan gashin nama. Kafin ka ankara na sauya."

"Yaya, kar fa abin ya zo da matsala."

"Ji min matsoraci! Wa ya goya ka ranar da ka sume a atisaye? Ko yanzu ka girma ne?"

To, wa ke ce wa babbansa na soja a'a? Sang-gil ya karɓi kofin da ya miƙo masa da hannu biyu, ya kau da kai don ladabi ya sha, washegari ya kai hatimi. Hwa-suk ko ƙishin-ƙishin ba ta ji ba.

A ofishin haraji, ma'aikaciyar ta juyo masa fuskar kwamfuta. "Duk mai kasuwanci a watan Mayu yake bayyana abin da ya samu. Kai shekara biyu shiru. Cinikin gidan gashin kuwa muna gani, tunda da kati ake biya. An haɗa ribar da albashinka, ka hau sahun masu biyan kaso mai tsoka, ga tarar jinkiri kullum tana hawa."

"Ranki ya daɗe, ko tsinke ban ci ba! Suna kawai na bayar aro."

Ta rage murya. "Aron sunan ma laifi ne mai zaman kansa. Ka kawo mai wurin na gaskiya, ko hujja, a duba. In babu, wanda hatiminsa ke jiki shi muka sani."

Da gudu ya isa gidan gashin, ya tarar har an mayar da shi shagon wayoyi. Ashe can mutanen haraji suka yi ta aika masa gargaɗi, ba wanda ya gaya masa. Lambar Tae-bok a kashe, maƙwabta suka ce ya yi ɓatan dabo.

A gida ya sami Hwa-suk a tsugune tana cuɗa kabeji da barkono.

"Baban Ye-rin, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Ya zayyana mata komai. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zare safar hannunta a hankali.

"Ni ina can ina wanke kwanonin mutane har hannuna ya tsattsage. Ka ji kunyar ce masa a'a, ni ba ka ji kunyata ba?"

Kafin sanyi ya fita, haraji ya cinye mafi yawan jinginar. Abin da ya rage bai kama musu komai ba sai ɗaki ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, wanda tagarsa ƙafafun masu wucewa kawai take nunawa. Hwa-suk ta leƙa sau ɗaya, ta kama hannun 'yarsu Ye-rin, suka tafi gidan mahaifiyarta.

Jama'a, hukumar haraji ba ta san kara ba, suna ta sani. Duk girman wanda ya roƙe ka, kada ka ara masa sunanka ya yi kasuwanci, don shi zai ci riba, kai za a kama.