Gonar Karima ta Kaboji

Ofis na uku ke nan da Inna Aminatu ta hau matakalarsa, gwiwoyinta suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Karima na biye da ita, goye da jaririya, kanta a sunkuye.

Ba wai son lauyoyi Inna take yi ba. A zamaninta in aure ya lalace, manya ne ke zama a zaure, su gyara ko su raba. Ta bi wannan hanyar har ta gaji. Ta je wa kawunnai, ta je wa limamin unguwa, kowa ya ce a yi haƙuri. Haƙurin ne ya mayar da Karima kamar sillen kara.

Maganar ba ta da tsawo. Mahaifin Karima ya rasu ya bar mata gona a Kaboji, a bakin rafi. Mijinta ya karɓa, wai zai riƙa noma mata. Yanzu ya daina ciyar da ita, ya daina kwana a gida, ya kuma rantse ba zai sake ta ba sai ta bar masa gonar. An ce har ya kai masu saye sun zaga ta, suna so a gama kafin ruwa ya sauka.

Lauyan farko, a kusa da tasha, bai bari Inna ta kai ƙarshe ba ya fara wa'azin sulhu. Ta miƙe. Sulhu ba sai ta hau bene ba, akwai shi kyauta a unguwa.

Na biyu ya yi ta dariya da kowa, yana amsa waya, yana cewa ai duk Kontagora babu wanda ba abokinsa ba ne. Nan ma ta miƙe. Ta san mutumin da za a kara da shi. Zama ɗaya zai yi da irin wannan lauyan a kan shayi, su tashi suna tafawa.

Ta uku mace ce, Barista Rahmat, 'yar siririya, Hausarta da ɗan karin Nufawa. Ba ta yi murmushi ba, ba ta ce a kawo ruwa ba. Ta kife wayarta a kan tebur ta ce, "Ina jin ki, Mama."

Wannan ya yi wa Inna. Ta gyara zama ta faɗi komai, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Mutumin ya yi kaza. Mutumin ya ce kaza. Da aka tambayi sunan wanda za a kai ƙara, Karima ce ta ɗago ta ce, "Zulkiflu Tanimu," ta sake sunkuyar da kai. Inna kuwa taga take kallo.

"Ke kina da kaso a gonar?" Rahmat ta tambayi Inna.

"Ko taki ɗaya."

"To me kike so in yi?"

"A raba auren, a mayar wa yarinyar nan gadonta. Kuma ki ji. In ya zo gaban alƙali zai yi kuka. Kukan ba ya masa wuya, kada ya ba ki tausayi. In kin ga yana shafa kunnen hagu, ƙarya yake yi. In an matsa masa zai ce kansa na ciwo. Ki bar shi, ba ya ciwo."

Lauyar ta dube ta. "Kin san shi sosai."

"Na san shi."

Ta tuna ranar da aka tsayar da maganar auren, yadda marigayi mahaifin Karima ya ce amana ce, yadda ita kuma ta buɗe baki ta ce yarinyar ba za ta yi kuka ba. Bakinta ne ya faɗa, ba wani ya sa ta ba. Marigayi yana ƙasa, maganar kuwa tana nan.

"Akwai matsala ɗaya," in ji Rahmat. "Muna bukatar wanda ya ji da kunnensa lokacin da ya gindaya sharaɗin gonar."

"A gabana ya faɗa."

"Mama, alƙali ba ya karɓar shaidar uwa a kan abin da zai amfani 'yarta."

"Tawa zai karɓa."

Rahmat ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga fuskar tsohuwar, ta bar shi sai wani zaman. Ta ce ta karɓi aikin. Ta ce gobe za ta nemi kotu ta hana a taɓa gonar har a gama shari'a. Karima ta saki numfashi mai tsawo, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, hawaye na zuba a kan jaririyar da ta sauko da ita cinya.

"Share fuskarki," Inna ta ce. "Ba a nan ake kuka ba."

Ita dai ba ta ji sauƙin komai ba. Ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar. Ta san kafin magariba labarin zai zaga dangi, ta san waɗanda za su daina gaishe ta, ta san ƙofar da ba za a sake buɗe mata ba. Duk ta auna wannan tun kafin ta fito daga gida.

Sun kai bakin matakala Rahmat ta biyo su. Abin yana cin ta tun ɗazu.

"Mama, ki yi haƙuri da tambayata. Tun da kika shigo, mutumin, mutumin kawai kike cewa. Ko sau ɗaya ba ki kama sunansa ba. Ƙiyayyar ta kai haka?"

Inna Aminatu ta gyara mayafinta, ta sa ƙafa a matakalar farko ba tare da ta waiwayo ba.

"A gidanmu," ta ce, "mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari."