Kalangu a Wasan Ƙarshe

Kai da kake cewa ka gano dabarar cacar ƙwallo wadda ba a faɗuwa a cikinta, gyara zama ka ji labarin wanda ya riga ka gano ta.

Wani makaɗin kalangu ne, baƙo a wani gari mai kwaleji. Ba mata, ba dangi, sai ɗaki ɗaya a bayan rumfar mahauta, inda yake yi musu kiɗa da safe su sallame shi da 'yar tsoka. Tuwonsa shi kaɗai yake ci, in zazzaɓi ya kwantar da shi babu mai leƙowa ya ce sannu. Amma duk ranar da ƙungiyar ƙwallon kwalejin take da wasa, mutumin nan yana da 'yan'uwa. Ɗalibai su zo har ƙofa su ɗauke shi, a filin wasa a buɗe masa wuri a tsakiyar magoya baya. Kalangunsa ne ke gaya wa jama'a lokacin tashi da lokacin zama. In yaran suka zura ƙwallo ya saki zuga, manya da ƙanana su rungume shi har hularsa ta faɗi. In aka zura musu, ya sassauta kiɗa kamar mai rarrashi. Wannan rungumar ita ce duk abin da ya mallaka a garin, kuma ya san haka.

Abu ɗaya ne ke cin ransa. Kowace shekara yaran sai su yi ta cin wasa har kakar wasa ta ƙare, da an shiga gasar kwalejoji ta sili-ɗaya-ƙwale sai a koro su gida. Kowa yana da wanda zai je ya yi wa ƙorafi, shi kuwa sai ya kwashi baƙin cikinsa ya shige ɗaki. To, sai wayo ya zo masa, irin wayon da ke zuwar wa wanda ba shi da abokin shawara. Ya ce bari ya raba ƙafa. Kafin kowane wasa sai ya zagaya shagon wani mai karɓar caca a bayan tasha, ya zuba kuɗi a kan abokan karawarsu. In yaran sun ci, ya sha murna; in an ci su, aljihu ya share masa hawaye. Ta ina zai faɗi? Sai ga shi a shekarar yaran sun ƙi faɗuwa. Suka ci wasan farko, kuɗinsa suka tafi, ya yi dariya ya ce ladan murna ne. Ya ninka a na biyu don ya mayar da na farko, su ma suka bi sahu, dariyar ta fara gajarta. Kafin a kai wasan ƙarshe ya sayar da rediyonsa da kekensa da babbar rigarsa ta Juma'a, ya tattara ya ɗora a kan masu karawa da yaran, yana ta gaya wa kansa ai zuciyarsa tana nan inda take.

Ranar wasan ƙarshe a kafaɗa aka ɗauke shi aka shiga fili. Rana tana dukan ka, yana kiɗa, jama'a suna amsawa, babu wanda ya ga wani canji. Aka yi ta fafatawa ba ci har alƙalin wasa ya fara duban agogo. Can sai ɗan gaban abokan karawa ya sulale, ya yanke mai tsaron gida, ya jefa ƙwallo a raga. Ɓangaren 'yan kwalejin ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta. A cikin wannan shirun kalangu ya ɓarke da zugar murna. Wallahi ba da niyya ya yi ba, hannu ne ya riga shi. Ya matse kalangun a hammata, ya danne fatar da tafinsa, amma sauti ya riga ya fita, kuma babu yaron da bai san abin da wannan kiɗa yake cewa ba. Kawuna suka juyo. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu, da ma sun yi da ya fi masa sauƙi. Wani tsohon masinjan kwalejin da kullum yake zama kusa da shi ya dube shi ya ce, "Ashe kai ka yi nasara, Malam. Allah ya sanya alheri." Ya ja jikinsa ya matsa. Kafin a iso gida zancen shagon bayan tasha ya fito, don da ma akwai waɗanda suka sha ganinsa yana shiga.

Washegari ya karɓo kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba, kuma bai ji daɗinsu ko kaɗan ba. Da la'asar ya sayi tsire cike da faranti, ya nufi gindin darbejiyar da magoya bayan suke zama, ya ajiye a tsakiyarsu ya ce bismilla. Suka amsa sallamarsa da mutunci, kowa ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Har ɗaliban da ya san sun wuni ba su sa komai a ciki ba, haka suka ce. Aka ci gaba da hira ta saman kansa, yana tsugune a gaban faranti har kitsen ya daskare.

Ka je ka raba ƙafar in ka ga dama, amma Hausawa sun riga sun gaya maka: taura biyu ba ta taunuwa.