Kwana Tara Babu Amai

Kwana tara ke nan Zinnira ba ta yi amai ba, kuma abin da ya hana ta sukuni ke nan.

Wata macen hamdala za ta yi. Amma Zinnira ta yi ɓari sau biyu, kuma duk biyun haka suka faro: laulayi ya ɗauke, bayan mako jini ya biyo. Don haka a wannan ciki na uku, mai wata biyu da 'yan kwanaki, amai ne kaɗai shaidarta cewa ɗan yana nan. Ƙazanta ce, babu musu. Tsohuwar tasar amai a gindin gado, ƙudaje na bin ta, baki kullum da ɗaci. Haka take ɗauka ta kai bayan gida tana toshe hanci, zuciyarta fari ƙal.

Abin da ke tayar mata da zuciyar kuwa guda ɗaya ne. Tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, koyarwar mijinta Bashari ta daina riƙe gida, sai ya kama kiwon raguna da wani abokinsa a hanyar Kabo. Kullum bayan la'asar zai hau keke ya bar Gwarzo, ya dawo bayan magariba da wani wari mai tsami a rigarsa, har a numfashinsa. Jiƙon dusa ne, in ji shi, raguna ba sa ƙiba sai da shi. Ita kuwa 'yar malamai ce daga Getso, daga zauren karatun mahaifinta sai ɗakin aure, me ta sani game da kiwo?

Da can daurewa take yi. Da ciki ya shiga hancinta ya buɗe, sallamarsa kaɗai ta isa ta sa ta rarumi tasa. Bawan Allah har kanumfari yake taunawa don ya sauƙaƙa mata, sai warin ya zama biyu. Ya yi ta dariya babu dalili, ya miƙe a tabarma da takalminsa, asuba ma sai ta yi da gaske yake tashi. Gajiyar nema ce, ta sani.

Sai ga makon da gari ya ɗauki kabbara. An ƙaddamar da shari'a, liman ya karanta sanarwa ranar Juma'a, waɗanda rabonsu da sahu tun sallar idi suka cika sahun gaba. Zinnira ba ta bi ta kan wannan ba, don a ranar ce tasarta ta kwana a bushe.

Ta jira washegari, shiru. A kwana na huɗu ta yi abin da ko mahaifiyarta ba za ta iya faɗa wa ba. Ta ciro rigar da ya tuɓe, ta cusa fuskarta a hammatar, ta ja numfashi har ƙirji. Gumi ne da ƙaurin rago. Ta ji ƙyamar kanta, amma zuciyar ko motsi ba ta yi ba.

"Ka daina jiƙa musu dusar ne?" ta tambaye shi.

"Ina jiƙawa mana. Ke dai kin cika bin ƙwaƙƙwafi."

To, hancinta ne ya rufe ke nan, kuma ta san abin da ke rufe hancin mai ciki. Bashari ma ya sauya. Yana dawowa tun rana ba ta faɗi ba, ba ya cin tuwo, moɗa na rawa a hannunsa, magana kaɗan sai tsawa. Tausayinsa ya kama ta. Ashe namiji ma yana jin zafin rashin ɗa, bakinsa ne kawai ba ya faɗa.

Inna Altine unguwarzoma ta shafa mararta ta ce cikin kwanciya ya yi, ta ba ta wata saiwa mai yauƙi. Zinnira ta shanye tana fatan ko ita ta dawo. Saiwar ta zauna daram.

A rana ta tara ta saka hijabi ta tafi wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta ce kayan awo sun ƙare tun bara, sai dai ta je Kano a yi hoto, kuma laulayi yakan tafi don kansa. Maganar da aka faɗa mata ke nan a ciki na biyu.

Ta biyo ta bakin tasha, ƙafafunta na jan ƙasa. A kwanar hanyar Kabo ta tarar da cincirindo. Wasu samari 'yan sa-kai suna mirgino manyan tukwane daga wani gida mai jar ƙofa, suna tuntsurar da su a kwata, jama'a na kabbara. Wani ruwa mai kauri, ja-ja, da kumfa a kansa, ya gangaro har kusa da silifas ɗinta.

Iska ta kaɗo.

Zinnira ba ta ko samu damar juya baya ba. Ta durƙusa a nan gaban mutane ta yi ta sheƙa amai, ya ɓata hijabin, ya ɓata ƙafafunta, maza na tsalle suna tsaki. Ita kuwa kuka take yi da dariya a haɗe, hannunta dafe da mara. Yana nan! Ɗanta yana nan da ransa, hancinta lafiyarsa ƙalau.

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta miƙo mata ruwa a buta.

"Sannu, 'yar nan. Juna biyu ne?"

"Shi ne, Inna, alhamdu lillahi." Ta kurkure baki ta share hawaye. "Amma wannan almubazzaranci fa? A wannan tsadar, wa ya sa su zubar da jiƙon dusa har tukunya shida?"

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta tofar da yawu gefe.

"Wace dusa? Giya ce, 'yar nan, burukutu. Tun Juma'ar sanarwa aka rufe gidan, mashayansa duk suka watse."