Man Faransa na Hajiya Luba

Sabuwar Fijon Hajiya Luba na layin kwastan a Jibiya lokacin da ta hango Inna Barira, ƙanwar mahaifiyarta, tafe daga Farfaru da ƙaton kwano a ka.

Luba ta sauke gilashi rabi, ta toshe hanci da gefen gyale.

"Inna, har yau kina fama da man kaɗen nan? Ƙasa ta yi arzikin fetur, ke kina nan kina warin daji."

Ta zaro wata farar kwalba daga jaka.

"Kin ga na Faransa, wurin Madam nake sayowa a Maraɗi. Niyasinamid gare shi, sinadarin Turawa. Shi ya share mini tabon ƙuraje, fuskata ta yi sumul. Ke ko sunan ba ki iya faɗi."

Tsohuwar ta sauke kwanon, ta karɓi kwalbar. Ta lakata, ta murza a bayan hannu, ta shinshina.

"Madam mai shago bayan tasha?"

"Ashe kin san ƙofar, ko da daga nesa."

"Can za ni yanzu, ɗiyata. Ni ka kai mata man kaɗen nan duk sati, ita ta zuba turare ta ɗura a kwalba." Ta sake shinshinawa, ta yamutsa fuska. "Wannan ma wanda ya ƙone mini ne. Sai da na ce mata na shafa wa jaki a ciwon baya ne."