Ƙofar Tsakiya

Leonard Ackroyd ya shimfiɗa zanen gidan a kan teburin ofishin tsara gine-gine na ƙaramar hukuma. Ya danne gefe ɗaya da gidan tabarau, ɗaya gefen da hularsa wadda ruwan sama ya jiƙa.

Mu da muke layi ɗaya da shi a garin nan namu na yankin Yorkshire mun san shi da tsari. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas, ba a taɓa jin ya makara ba. Ko shara zai fitar sai ya goge takalmi. Irinsa ba ya taɓa bulo ɗaya a gini sai ya ga takarda.

Takardar kuwa tana hannunsa, da sunansa a kai. Shekara biyu ke nan da aka ba shi izinin ƙara gini a bayan gidan: ɗakin kwana, banɗaki, da ƙofa biyu. Ɗaya tana fita lambu, ɗaya tana shiga kicin ɗin babban gida. Ta biyun ce ta kawo shi. Yau Juma'a, kuma ranar Litinin magini zai zo ya toshe ta.

Ma'aikaciyar, wata mai fara'a da ake kira Colette Brannigan, ta bi yatsansa da ido har kan ƙofar.

"Izinin nan ya yarda a canza tsarin ciki?" in ji Leonard. "A cire ƙofar nan, a yi bango?"

"Kwantar da hankalinka, Mista Ackroyd. Mu waje muke dubawa: tsayi, faɗi, tagar da za ta leƙa maƙwabta. Ciki kuwa, in ka ga dama ka sa gado a banɗaki."

Bai yi dariya ba. Ya gyara zama, ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu. Ya jera tambayoyinsa da lamba, ɗaya zuwa huɗu.

Ta farko: ya ji an ce akwai tsofaffin gidajen da hukuma ta hana a taɓa ko cikinsu. Colette ta duba na'urarta. Gidansa bayan yaƙin duniya na biyu aka gina shi, ba ya cikinsu.

Ta biyu: gobara. In an toshe ƙofar, ta ina mutum zai tsira? Ta nuna masa ƙofar lambu da bakin biro. Ta ce mai duba gini zai so ya leƙa aikin, amma hanyar fita tana nan, ba abin da zai hana shi sa hannu.

Ta uku ita ce ya fi daɗewa a kanta. In babu ƙofa a tsakani, ai gidan ya zama gida biyu ke nan, kuma gida biyu sai da sabon izini. Ko ba haka ba?

Nan Colette ta ajiye biro. Wannan, in ji ta, tambaya ce ta gaske. Akwai murhu a ɗakin? Babu, sai butar shayi. Mitar wuta daban? A'a. Wanda ke ciki ɗan haya ne?

"Jini ne. Wani dattijo."

"Ya fara gundurar mutane ko?"

Leonard ya kalli zanen. "Yana shigowa kicin tun kafin kowa ya tashi. Yana ba yara alewa gab da cin abinci. Labari ɗaya sai ya ba da shi sau uku. In an yi baƙi, ba ya gane lokacin da ya kamata ya koma ɗakinsa."

"Kai, kamar surukina ka gani. Namu har gyara mini yadda nake jera kwanuka yake yi." Ta rage murya. "Kada ka ji nauyi, Mista Ackroyd. Kowane gida yana buƙatar sarari."

Ta sake karanta sharuɗɗan izinin daga farko har ƙarshe, don ta ga mutumin ba mai gamsuwa da baki ba ne. Babu inda aka ambaci ƙofar. Muddin dangi ne a ciki, kuma daga babban gida abincinsa ke fitowa, a idon hukuma gida ɗaya ne.

Saura tambaya ta huɗu. Ya karanta ta a hankali.

"Shi dattijon, in bai so ba, akwai inda zai kai kuka?"

"Wurinmu dai babu. Maganar cikin gida ce." Ta miƙa masa takardarsa tana murmushi. "Ka huta, an gama. Da kowa zai zo da shiri irin naka, da na yi ƙiba a aikin nan."

Ya gode mata sau biyu. Ya naɗe zanen a kan tsohon naɗinsa, ya sa jiƙaƙƙiyar hularsa. A bas ya zauna kusa da direba, amma yaron sabo ne, bai san shi ba.

Da ya sauka, layin duk ƙamshin kifi da soyayyen dankali, abincin Juma'a. A bakin gidan an riga an sauke bulo, an lulluɓe da leda. Ta tagar gaba ya hango jikokinsa biyu suna rigimar kujera, 'yarsa Lorna tana jera faranti, mijinta yana buɗe ƙunshin kifi.

Ya bi ta lungun da ake ajiye kwandunan shara, ya buɗe ƙofar lambu, ya zauna a bakin gado bai ko cire kwat ba. Can aka ƙwanƙwasa ƙofar tsakiya daga ɓangaren kicin. "Baba, ka dawo? Yanzu zan zagayo maka da naka," in ji Lorna. "Kuma ka janye kujerarka daga jikin ƙofar nan kafin Litinin." Leonard ya ce, "To, 'yata. Na je na tambaya. Sun ce babu abin da zai hana ku."